Juyi Ɗaya Zuwa Hagu

An haifi Sharhabilu Sule Zakka ranar Laraba, tara ga watan Nuwamba, 1966, ana tsakiyar yankan dawa. Gidansu ba gidan masu rubuta ranar haihuwa ba ne. Limamin da ya raɗa masa suna ne ya rubuta ta a bangon wani littafinsa, daga can kuma aka kwafo ta lokacin da za a sa shi firamare. Shi ne na ƙarshe cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifiyarsa ta rasu tun ba a yaye shi ba, saboda haka yayarsa Zinariya, wadda a lokacin shekarunta ba su wuce goma sha ɗaya ba, ita ta goya shi, ita ta saba masa da kunu a bakin ludayi, ita kuma ta riƙa raka shi har ƙofar aji a shekararsa ta fari. Har ya yi furfura ba ta taɓa kiran sunansa na yanka ba. Auta take ce masa, shi kuma ya ce mata Yaya.

Ya gama firamare da hannu mai kyau da lissafi mai kyau, amma bai ci gaba ba. Ya tafi Batsari ya koyi tuƙi, ya shekara goma sha tara yana ja wa wasu motocinsu, sannan a 2003 ya sayi tasa: a-kori-kura, wadda aka ce da can fara ce, ta kuma riga ta tsufa tun kafin ta zo hannunsa. Da ita ya yi sauran rayuwarsa. Ya ɗauki gero da dawa daga Zakka zuwa Safana, ya ɗauki gyaɗa daga Karare, ya ɗauki raguna da gadajen amare, ya ɗauki masu naƙuda, ya ɗauki gawarwaki. Mutum ne marar yawan magana, ba ya kunna rediyo in yana tuƙi, ba ya kuma barin kowa ya taɓa masa madubi.

Da hanyoyin yammacin Katsina suka lalace, 'yan bindiga suka fara tare su da rana tsaka, sai aka gane abin da ya raba shi da sauran direbobi. Ba gudu ba ne, don motarsa ba ta da shi. Juyi ne. Yana tafe yana karanta hanya: in an daɗe ba a gamu da kowa daga gaba ba, in gonakin gefe babu mai duƙe a ciki alhali lokacin aiki ne, sai ya rage totur. Da zarar ya hango abin da bai yarda da shi ba, yakan murɗe sitiyari zuwa hagu gaba ɗaya, motar ta zagayo a faɗin hanyar burji a karo guda, ba tsayawa, ba ribas. Sau huɗu ya yi haka da mutane cike a baya, sau huɗun kuma babu wanda ya ƙwarzane. Daga nan mata suka fara barin mota ta wuce su a bakin hanya, su ce ta Sharhabilu suke jira.

Zinariya ta yi aure a Unguwar Armaya'u, wani ɗan ƙauye a bayan Babban Duhu. Mijinta Daudu Bafulatani ne mai noma da kiwo. An kore masa shanunsa duka a yammaci guda, ya rayu shekara biyu bayan haka yana zama a turken da babu komai, sannan ya rasu. 'Ya'yanta maza suka gangara kudu neman abinci. Shekara uku Sharhabilu yana roƙonta ta dawo Zakka, tana ce masa ita ba ta ga abin da wani zai zo ɗauka wurin tsohuwa mai ciwon gwiwa ba.

A ƙarshen daminar 2021 aka rufe layukan waya a yankin, saƙo ya koma tafiya da baki kamar a zamanin kakanni. Wata Laraba cikin Oktoba wani mutumin Unguwar Armaya'u ya iso Zakka a ƙasa, ya ce gidaje biyar ɗin da suka rage sun yanke shawarar tashi, har da Zinariya. Mota ba ta iya ƙetare rafin da ke gaban ƙauyen, don haka za su ɗauko kayansu a ka, su fito bakin hanya gindin wata kanya ranar Talata da hantsi. Sharhabilu ya ce in Allah ya yarda za su same shi a can. Mutumin ya juya a ranar. Bayansa babu wanda zai sake fitowa daga can kafin Talata, babu kuma wanda zai yarda a aike shi. Alkawarin ya tafi ke nan, ba shi da hanyar dawowa, kuma duk wanda ya san wannan hanya ya san abin da ake nufi da mutum ashirin da wani abu su tsaya a fili da ƙunshin kaya suna jiran motar da ba ta zo ba.

Washegari, Alhamis, akwatin sitiyari ya mutu.

Wannan akwati shi ne kanikawa ke kira giyabos ɗin sitiyari. Curin ƙarfe ne da ke ɗaure a jikin ƙashin mota, sandar sitiyari na shiga ta samansa, wani hannun ƙarfe kuma na fita ta ƙasansa yana tura tayoyin gaba dama ko hagu, mai kuma na zagayawa a cikinsa ta tiyo biyu don sitiyarin ya yi laushi. Ya fi shekara yana yoyo. Sharhabilu ya yi ta ƙara masa mai, har da man birki, da wani ya ce masa yana kumbura roba ya toshe yoyo. Da yammacin nan yana shigowa gari sai sitiyarin ya sake a hannunsa kusan rabin juyi ba tare da tayoyi sun amsa ba, sannan ya ƙage. Da ya leƙa ƙasa, jan mai na zuba kamar an yanka kaza.

Bakanikensa na shekara da shekaru, Huzaifa, ya bar Batsari ya koma Kano tun bara. Ya tuntuɓi direbobi biyu ko ɗayansu zai je masa ranar Talata. Na farko ya ce tayoyinsa sun suɗe, na biyu bai ma nemi dalili ba, ya dai dubi ƙasa. Matarsa Mahfuza ta kira mahauci ta sayar masa da tumakinta biyu ba tare da an tambaye ta ba. Ranar Juma'a Sharhabilu ya kwanta ƙarƙashin mota da kwali da gawayi, ya zana inda kusoshi uku na akwatin suke, ya ninke kwalin ya tafi Katsina wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota. Ya dawo Asabar da la'asar da wani akwatin a cikin buhu, ya rungumo shi a cinya tun daga tasha, nauyinsa kamar na ɗan akuya.

Bai taɓa canza wannan abu da hannunsa ba. Ya taɓa tsayawa a kan Huzaifa yana yi wa wata mota, shekaru goma sha biyar da suka wuce, ya kuma yi zaton ya riƙe yadda ake yi.

Ranar Lahadi da sassafe ya fara, a ƙofar gida gindin bishiyar bedi. Ya tokare tayoyin baya da duwatsu, ya ɗaga gaba da jak, ya kife tsofaffin turame biyu na Mahfuza ya ɗora motar a kai, tana daga zaure tana cewa in suka tsage shi zai daka mata gero da haƙoransa. Ya daidaita tayoyin gaba sak, ya auna da zare. Ya ɗaure sitiyari a jikin kujera da igiyar guga don kada ya motsa. Ya kwance tiyo biyun, ya tare ragowar man a kwano, ya ƙulle bakunansu da leda saboda ƙasa. Ya raba akwatin da sandar sitiyari, ya raba hannun ƙarfen da sandar da ke zuwa tayoyi, ya kwance kusoshi uku, akwatin ya sauko masa a ƙirji. Kafin hantsi duk ya gama wannan, har ya ji zuciyarsa ta ɗan saki.

Saura ya zare hannun ƙarfen daga tsohon akwatin, domin sabon ya zo ba shi da nasa. Kanikawa suna da wani ƙarfe na musamman da suke zaro shi da shi. Babu irinsa a Zakka. Sai ya aika aka kira Mani maƙeri, ɗan kawunsa, taubashinsa tun suna yara.

Mani ya iso da masaba da awartaki da zugazugi a kafaɗa, ya tsaya ya kalli motar a kan turame.

"Ɗan gwaggo, ka yi mata wanka kawai mu kai ta. Ni na zo da shirin sallar gawa ne."

"Kai da ko jaki ba ka taɓa mallaka ba."

"Jaki ba ya hawa turmi."

Notin da ke riƙe da hannun sun kwance shi da dogon bututu da Mani ya ƙera wa baki. Hannun kansa kuwa ya ƙi. Cikin zobensa akwai ƙananan haƙora da suka shiga cikin haƙoran sandar akwatin, tsatsar shekaru ta haɗe su sun zama abu guda. Suka zuba kananzir, suka buga, suka huta, suka buga. Bayan azahar Mani ya haƙa ɗan rami ya hura gawayi, suka sa wuyan hannun a wuta har ya fara ja, robobin cikin tsohon akwatin suna narkewa suna wari. Suka fitar suka buga, suka mayar. Rana ta karkata, hannuwan Sharhabilu suka yi bororo suka fashe. Gab da magariba, a bugun da Mani ya ce shi ne na ƙarshe, hannun ya fita da wata ƙara mai kaifi, har matan maƙwabta suka kwashi 'ya'yansu suka shige ɗaka, wani tsoho da ke alwala ya bar butarsa. Babu wanda ya yi dariya sai Mani, shi ma ba da yawa ba.

Litinin da safe aka ɗaura sabon akwatin. Kusoshin uku sun faɗa daidai inda kwali ya nuna. Sharhabilu ya haɗa shi da sandar sitiyari, ya ɗaura tiyo biyun, ya haɗa hannun da sandar tayoyi, sannan ya ɗago zoben zai zura shi a sandar akwatin. Ya ƙi shiga. Ya goge, ya shafa baƙin mai, ya sake gwadawa, ya ƙi. Mani ya karɓa ya ɗaga wa rana. A cikin jerin ƙananan haƙoran nan akwai guda ɗaya mai faɗi, ya ninka sauran, a jikin sandar kuma akwai gurbi mai faɗi guda ɗaya, amma gurbin yana duban wani gefe dabam, ba inda haƙorin yake ba.

Mani ya ce ai ga cutar nan ƙuru-ƙuru. Ya ce shekara arba'in yana sa ƙarfe a ƙota, bai taɓa ganin wanda ya shiga ba tare da an rage masa wani wuri ba, kuma kayan wata mota ba ya zama a jikin wata sai an sasanta su. Ya zaro magagari daga aljihu.

"Dakata, Mani. Wanda ya yi shi da faɗi bai yi don wasa ba."

"Wanda ya yi shi yana ƙasarsu yana shan shayi. Gobe Talata. Mi kake so, mu zauna muna kallon shi?"

Sharhabilu ya dubi inuwar bedi, ya ga ta riga ta tattare zuwa gindi. Ya ƙyale shi. Mani ya danne hannun da ƙafa, ya yi ta gogawa cikin natsuwa irin ta wanda ya san aikinsa, yana hurewa yana dubawa, har haƙorin ya baje. Wannan karon zoben ya shige sumul. Suka sa noti, Mani ya hau kan bututun da ƙafafunsa biyu ya danna har ya daina motsi. Ya wanke hannu, ya ce masu lauje suna jiransa a maƙera, ya tafi yana faɗa wa duk wanda ya gamu da shi cewa ya tayar da matacciya.

Abin da ya rage shi ne zuba mai da fitar da iska. Bayan sallar la'asar Sharhabilu ya kira Mahfuza ya tsayar da ita a gaban inji da galan ɗin jan mai, ya ce ta riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, ta kuma gaya masa in kumfa ya daina tasowa. Ya shiga ya kwance igiyar guga. Tayoyin gaba suna sama, don haka sitiyarin na juyawa ba wuya. Ya murza dama: ɗaya, biyu, ya tsaya. Ya dawo tsakiya. Ya murza hagu: ɗaya, da ɗan abin da bai kai taƙi ba, ya tsaya cak kamar ya ci karo da bango.

Ya sake yi. Ya sake yi a karo na uku, a hankali.

A nan ne ya tuna abin da ya manta. Ya ga Huzaifa a tsugune shekaru goma sha biyar baya, yana murza kan akwatin da sifana tun kafin ya haɗa shi da komai, leɓɓansa na motsi yana ƙirgawa, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sannan ya dawo da shi rabi. Akwatin yana da tsakiyarsa, sai an kawo shi can ake haɗa shi da sitiyari da tayoyi. Wannan da ya sayo ya sha murɗa a hannun masu saye da masu tayawa, ya zo a karkace. Haƙorin nan mai faɗi an yi shi ne don ya ƙi shiga har sai an daidaita. Ya ƙi ɗin, suka goge shi.

Ya san maganin. A sake zare hannun, a raba akwatin da sitiyari, a kawo shi tsakiya, a mayar. Amma jiya hannun nan ya cinye musu yini guda, sai da wuta ya fita, wutar kuma ta ƙone akwatin da yake jikinsa. Yanzu Mani ya hau kan notin da nauyinsa duka. In ya taɓa ya ƙi fita, in aka kawo gawayi, to babu akwati na uku, babu tunkiya ta uku, kuma gobe da hantsi Yaya za ta tsaya a gindin kanya. Motar da ke juyawa rabi zuwa hagu tana iya zuwa. Motar da ke kan turmi ba ta iyawa.

"Kumfa ya daina," in ji Mahfuza. "Malam, ya yi?"

"Ya yi."

Ya tada inji, ya sauke motar, ya kai ta ƙarshen gari ya dawo. Tana tafiya sak, sitiyarin da yatsa ɗaya ake murza shi. A hanyar dawowa ya tsara abin da zai yi: gobe zai riƙe gefen hagu na hanya daga fita har dawowa, don in juyi ya kama ya samu fili ta dama.

Talata ya fita da rana ta ɗago. Ya bi gefen hagu kamar yadda ya tsara, dawa ta yi tsayi a ɓangarorin biyu har ta fi motar, bai gamu da kowa ba sai wata mata da itace. Ya same su a gindin kanya, mutum ashirin da huɗu in an ƙirga da jaririyar kwana huɗu, da tabarmi da tukwane da buhunan gero da kaji ɗaure a ƙafa. Zinariya na zaune a kan buhu, ta miƙe ƙafarta mai ciwo.

"Auta, ka makara."

"Yaya, ko gaisuwar ina kwana ba za ki bari in yi ba?"

"Ka yi a mota. Dubi hannuwanka, da wa ka yi dambe?"

Ya ce shi da Mani ne, ta ce to ta san wanda ya ci. Ya buɗe mata ƙofar gaba, inda ya share mata tun da asuba. Ta ƙi. Ta ce Naja'atu, mai jegon nan, ita za ta shiga gaba da jaririyarta, da wani dattijo makaho. Ita gwiwarta ba ta lanƙwasuwa, a can ƙarshen baya za ta zauna inda za ta miƙe ta. Ya yi mata magana sau biyu. A na uku ta dube shi irin kallon da take masa tun yana shekara biyar, ya rufe baki ya ɗaga ta ya ɗora a kan buhunan baya.

Da zai juya motar ya fuskanci gida, sai ya bi ta dama, ya ratsa wata saura. Zinariya ta ɗaga murya daga baya ta ce yau kuma ta dama ake juyawa, ita tun da take ba ta taɓa gani ba. Ya ce ƙasar can ta fi tauri.

Sun yi tafiyar kamar sulusin awa. Akwai wani kwalbati da ruwan bana ya cinye gefensa guda, kuma a dawowa gefen da ya cinye shi ne na hagu. Dole ya koma can bakin dama ya lallaɓa ya haye. Yana hayewa, tayoyin baya ba su gama sauka ba, ya hango su: babura a gicciye, mutum uku-uku a kan kowanne, tazarar da ba ta fi filin ƙwallo biyu ba. A damansa babu fili ko taku ɗaya, rami ne sai dawa. Ko da akwai, bai tabbata zai yi amfani da shi ba, domin kafin ya gama ganin baburan hannuwansa sun riga sun murɗe hagu kamar yadda suka saba.

Sitiyarin ya tsaya a juyi ɗaya. Motar ta yi faɗi da zagayen, ta ƙetare hanya, hancinta ya tsaya a jikin gaɓar ɗaya gefen. Ya taka kuloci, ya sa ribas, ya murɗe dama. Ya ji an tada baburan. Tayar baya ta faɗa bakin rami, motar ta girgiza da ƙarfi, wani abu mai nauyi ya zube daga baya, mata suka sa kuka. Ya sa giyar farko ya sake murɗe hagu, wannan karon ta zagayo, harsashi ya fasa fitilar baya, wani ya huda bodi.

A madubi ya ga buhu biyu a kan hanya da mutum uku. Biyu sun tashi sun faɗa cikin dawa. Ta ukun tana ƙoƙarin tashi da ƙafa ɗaya.

Ana dukan rufin motar daga baya, wasu na cewa ya tsaya, wasu na cewa ya tafi. Naja'atu da ke gefensa ta duƙa ta rufe jaririyar da jikinta. Makahon yana tambaya me ya faru. Sharhabilu ya sa giya ta biyu, sannan ta uku.

Ya kai mutum ashirin da ɗaya Babban Duhu. Biyun da suka shiga dawa, wani magidanci da wata budurwa, sun iso da ƙafarsu kafin magariba. Zinariya sai washegari aka je da 'yan sa-kai aka same ta, taku ashirin a cikin gona, harbi ɗaya a baya. A Babban Duhu aka yi mata sutura, shi ya shiga kabarin ya karɓe ta.

Wurin zaman makoki a Zakka ya cika fiye da yadda ake cika wa tsohuwa. Duk wanda ya yi ta'aziyya sai ya ƙara da godiya. Aka yi ta maimaita cewa rai ashirin da uku ya fitar, kuma da wani direban ne da babu wanda zai ba da labari. Waɗanda ke cikin motar sun ce hanyar ce ta yi ƙunci a bakin kwalbatin. Mani, wanda ya yi kuka fiye da kowa don shi ma Zinariya ta goya shi, yakan share ido ya ce Allah ne ya sa aka gama aikin nan ranar Litinin, ya kuma nuna da yatsunsa yadda ya rage haƙorin. Sharhabilu yana zaune a kan tabarma yana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa amin.

Ya ci gaba da tuƙi shekara biyu bayan haka, amma hatsi kawai yake ɗauka. In mata suka tsayar da shi a hanya yakan ɗaga musu hannu ya wuce, aka ce baƙin ciki ne, aka ƙyale shi. Bai yi faɗa da Mani ba, bai kuma sake mayar masa da wasa ba, har Manin ya gaji ya daina. Hawan jini ya kwantar da shi a farkon 2024, ya rasu ranar ashirin da biyu ga Fabrairu a ɗakinsa, ya bar Mahfuza da 'ya'ya biyar. Motar tana nan gindin bedi a kan duwatsu, an sayar da tayoyinta.

Akwai abin da bai faɗa wa Mahfuza ba, bai faɗa wa Mani ba, bai faɗa wa limamin da ya zauna da shi a jinyarsa ba. Kwana takwas bayan rasuwar Zinariya, da masu ta'aziyya suka watse, ya idar da sallar la'asar ya ɗaga motar a kan turame shi kaɗai. Ya sa bututu ya kwance notin. Ya ɗauki guduma ya bugi hannun ƙarfen, a bugu na uku ya faɗo ƙasa, ba kananzir, ba wuta. Ya kawo akwatin tsakiyarsa, ya mayar da komai, ya shiga ya murza: biyu dama, biyu hagu. Ya sauke motar, ya wanke hannuwansa da toka, ya zauna a bakin zaure. Sai da ya daɗe a zaune sannan aka kira magariba.